Ruwan Da Ya Biyo Ta Bayan Kawu

Kawu ne ya kawo ni Doha. Ƙanen mahaifiyata ne, cikinsu ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce, har ita Inna ce ta goye shi. Ya riga ni zuwa da shekaru, yana aikin gadi a wani kamfani mai sayar da motoci. Da aka nemi ƙarin ma'aikata sai ya yi min hanya wurin kafil ɗinsu, wato Balaraben da ke ɗaukar nauyin zaman ma'aikaci a ƙasar, na bar Yawuri na same shi.

Ɗakinmu a unguwar Najma yake, a saman wani tsohon gini, ƙarƙashinmu shagon masu gasa gurasa. Muna da yawa a ciki, duk 'yan Arewa, masu gadi da direbobi. Gadajen masu hawa biyu ne, Kawu a ƙasa, ni a samansa. Da safe bas ɗin kamfani ke kwashe mu. Shi ana sauke shi a filin ajiye motoci, ni kuma a wuce da ni West Bay, inda ofishin kamfanin yake a cikin wani dogon bene na gilashi. Aikina tsayuwa a bakin ƙofa, in gaida masu shiga, in duba katinsu.

Mu Sarkawa ne, su muka gada, kuma Kawu a bakin kogi ya girma. Bai jin tsoron ruwa ko kaɗan. Abin da yake tsoro iska ce. Yana saurayi, wata ranar kasuwa, hadari ya riske su a tsakiyar kogi da jirgi cike da mutane da buhuna. Iska ta shiga ƙarƙashin rumfar tabarmar da aka yi wa jirgin, ta ɗaga shi ta kifar. Kawu ya fita da iyo, ya kuma fitar da wasu, amma amininsa bai fito ba, wani katako da ba a ɗaure ba ne ya buge shi a ka. Tun daga nan Kawu bai iya ganin abu a sake. Ko a Najma, inda sai a shekara ba a ga hadarin kirki ba, in ya hau saman gini shanya ya tarar da tsohon kwano ko bokiti a yashe, sai ya danne shi da bulo. 'Yan ɗakinmu su yi ta tsokanarsa.

"Ku yi dariyarku," haka yake ce musu. "Iska ba ta zuwa da makami. Abin da ka bar mata shi take dukanka da shi."

A farkon shekarar 2007 kamfaninmu ya buɗe sabon fili a Maskat, a ƙasar Oman, aka ce ana son babban mai gadi amintacce ya je ya riƙe wurin na 'yan watanni. Kawu aka zaɓa. Ya yi murna ƙwarai. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira ni, ya yi ta ba ni labarin garin. Ya ce duwatsu ne baƙaƙe sun tsaya a bayan gari, teku kuma a gabansa, kuma kifinsu ya fi na Doha daɗi nesa ba kusa ba. Ya ce mutanen suna da sanyin hali, in ka yi musu sallama sai sun tsaya sun tambayi lafiyar iyalinka. Har ya fara cewa in aka ba shi zaɓi, can zai zauna.

Da watan Yuni ya kama, sai labari ya fara yawo cewa wata gagarumar guguwa ta taso a tsakiyar teku, ta nufo Oman, kuma ba mamaki ta shigo har gaɓar da muke. Da farko ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Zafi ake yi irin na Doha, wanda in ka fito daga cikin gini sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Wani Bakano da ke ɗakinmu, direba ne mai barkwanci, ya ce in dai guguwar za ta kawo sanyi, shi zai je bakin teku ya tarye ta da kansa.

Amma masu kula da benenmu ba su yi wasa ba. Shugaban masu gadi, wani Ba'indiye mai yawan faɗa amma mai kirki, ya tara mu ya rarraba mana aiki. Aka kawo buhunan yashi a babbar mota, muka jera su a bakin gangaren da ke shiga garejin ƙarƙashin ƙasa. Muka shigar da tukwanen furanni da kujerun waje. Aka gwada janareto, aka raba mana tocila, aka tara katan-katan na ruwan sha a ɗakin ajiya. A gine-ginen da ake kan ginawa kewaye da mu, na ga leburori suna sauko da katakai da kwanuka daga sama. Gumi ya jiƙe mana kaki sharkaf, shugaban namu yana ta "yalla, yalla," mu kuma muna ɗaga kai muna kallon sararin da babu komai a cikinsa.

Da na samu sarari na kira Kawu, na gaya masa abin da muke ciki. Na ji daɗi a muryarsa, kamar malamin da aka ce masa ɗalibinsa ya yi ƙoƙari.

"Kun hau sama kun duba?" ya tambaye ni.

"Mun duba, Kawu."

"Ka koma da kanka. Kada ka yarda da 'an duba'. Ko murfin tanki ne, in bai da ƙugiya, ka ɗaure shi."

Sannan ya ba ni labarin nasu shirin. Ya ce sababbin motocin suna jere ne a gaba, a bakin babban titi, ta ɓangaren da ke fuskantar teku. Shi da manaja da direbobi sun yini suna mayar da su filin baya. Filin bayan yana da katanga doguwa, yana ƙasa-ƙasa, kuma dutse ya kare shi, iska ba za ta same shi sosai ba. A bayan katangar akwai wani busasshen kwari mai tsakuwa, irin wanda Larabawa ke kira wadi, inda yara ke buga ƙwallo da yamma. Ya ce sun sauke rumfuna, sun kwance allunan talla sun ɗaure su da igiya a jikin ginshiƙai. An sallami sauran ma'aikata kowa ya tafi gida, shi zai zauna a ɗakin gadi.

"Kawu, ba gara ka bi su ba?"

"In bi su ina? Mutanen bakin teku aka ce su tashi. Ni ina nesa da teku, ɗakina na bulo ne, rufinsa kankare. Ko iskar me ce sai dai ta yi kukanta ta wuce."

Hankalina ya kwanta. Duk wanda ya san Kawu, da ya ji wannan bayani hankalinsa zai kwanta.

Ranar da guguwar ta isa can, na same shi a waya wajen azahar. Da ƙyar nake jinsa. Wata ƙara ce a bayansa kamar injin niƙa, ba ta yankewa.

"Ka ji ta ko?" ya ce, yana ɗaga murya. "Wannan ita ce iska! Ban taɓa ganin irinta ba. Amma komai na nan daram, ko tsinke bai tashi ba."

"Ana ruwa?"

"Kamar da bakin ƙwarya. Ka ce wa Yaya kada ta damu in ta ji a rediyo. Ka ce mata ina cikin ɗaki ina shan shayi."

Yaya yake kiran Inna. Na ce to, Allah ya tsare. Ya ce amin, ya ce zai kashe wayar don kada caji ya ƙare, an ɗauke musu wuta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Mu a Doha ba abin da ya iso mu. 'Yar iska mai ɗumi ta kaɗa, teku ya ɗan yi motsi, shi ke nan. Shugabanmu ya ce khalas, an gama, a kwashe buhuna. Muka kwashe su muna dariyar kanmu, muka mayar da furanni inda suke.

Da yamma na shiga gidan abincin da muka saba ci a Najma, na tarar mutane sun yi cirko-cirko a gaban talabijin. Maskat ake nunawa. Ruwa ne ja, mai kauri kamar kunu, yana gudu a inda tituna suke. Motoci a kan motoci, wasu a kife, wasu a maƙale a jikin bishiya. Gadoji sun karye. Na fita waje na kira Kawu, wayar ba ta shiga. Na sake kira. Bakanon nan ya biyo ni, ya dafa kafaɗata, ya ce ai duk layukan garin ne suka lalace, in kwantar da hankalina. Ranar bai yi barkwanci ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina cewa barka da zuwa, ina duba kati, hannuna ɗaya a aljihu a kan waya. Inna ta kira daga gida, ta ce ta ji a rediyo. Na isar mata da saƙonsa yadda ya ba ni, na ce yana cikin ɗaki mai ƙarfi, layi ne babu. Ta ce to, Allah ya sa mu ji alheri. Sannu a hankali wayoyin Maskat suka fara dawowa. Direbobin can suka kira 'yan'uwansu, manaja ya kira ofis. Ta Kawu ce kaɗai ba ta shiga.

Wata safiya shugabanmu ya zo da kansa ya karɓe ni a bakin ƙofa, ya ce ana nemana a sama. Bai yi faɗa ba, bai kalli idona ba, tun nan na gane. A ofis wani Balarabe ya tashi tsaye ya riƙe hannuna biyu, ya yi min ta'aziyya. Ya ce an samu Kawu a cikin kwarin nan, can ƙasa da filin, bayan ruwa ya janye. Ya ce halin da aka same shi bai bari a jira kowa ba, jama'ar masallacin unguwar sun yi masa sutura sun binne shi. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji bakina yana ta maimaitawa, amma kamar wani ne ke faɗa.

Na nemi a bar ni in je in ga kabarin. Aka ce fasfo ɗina yana wurin kafil, ga maganar biza, ga garin a hargitse, in bari abubuwa su lafa. 'Yan ɗakinmu da sauran Hausawan Najma suka taru, wani malami daga cikin ɗaliban da ke karatu a nan ya ja mu muka yi wa Kawu salla daga nesa. Aka shimfiɗa tabarmi a ɗaki, mutane suna shigowa suna fita. Har masu gasa gurasar ƙasa, waɗanda ba ma jin yaren juna, sun hauro sun zauna tare da mu.

Ban kira Inna kai tsaye ba. Na kira Baffa, wan mahaifina, shi ya je da liman suka gaya mata, suka kuma gaya wa matar Kawu. Sai da yamma Inna ta sa aka kira ni. Ba ta yi kuka a wayar ba. Ta yi min gaisuwa, na yi mata, sannan ta ce:

"Ka ce min yana cikin ɗaki."

"Haka ya ce min, Inna."

"To ta yaya? Yaron da ke ƙetare kogi da iyo tun ba a yi masa kaciya ba. Ƙasar da ka ce ko rafi babu. Ta yaya ruwa ya ci shi?"

Na ce ban sani ba. Ta ce in bincika, tana so ta sani.

Akwai wani injiniya Basudane da ke yawan zuwa benenmu. Yana aiki da kamfanin inshora, shi ake turawa ya ƙiyasta ɓarna in gobara ko haɗari ya faru. Kakanninsa Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan, don haka yana jin wata tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Kullum in zai wuce sai ya ce min, "Sannu ɗan'uwa, ina gajiya?" Na ji cewa shi aka tura Maskat ya duba filinmu. Ranar da na ga ya dawo, na tare shi a bakin lif, na ce mai gadin da ya rasu kawuna ne.

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce bai sani ba, wallahi bai sani ba. Ya ce nan ba wurin maganar ba ne, in same shi bayan la'asar a wani gidan shayi a unguwar Al Muntazah.

Na same shi ya riga ni. Ya sa aka kawo mana shayi, ba wanda ya taɓa nasa. Ya ce shi bai ga abin da ya faru ba, ba kuma wanda ya gani. Aikinsa shi ne ya je bayan komai ya wuce, ya dubi bango da ƙasa da ƙarfe, ya gane abin da ya auku. Abin da ya gane zai gaya min, abin da bai gane ba zai ce bai sani ba.

"Iska ba ta yi muku ɓarnar kirki ba," ya ce. "Allunan da aka ɗaure na same su a ɗaure. Na yi ƙoƙarin kwance ƙulli ɗaya na kasa, sai da aka kawo wuƙa. Ruwa ne. Kuma ba daga teku ya zo ba, daga duwatsu ya gangaro."

Ya bayyana min cewa duwatsun nan ba sa shan ruwa. Duk abin da sama ta zubar a kansu, gangarowa yake ya haɗu a kwari, ya taho gaba ɗaya da duwatsu da itatuwa da duk abin da ya tarar a hanya. Filin bayan kuma a daidai inda kwarin ya yi kwana yake.

"A bangon ɗakin gadi na ga layi biyu," ya ce, ya nuna da hannunsa a jikin ƙafar tebur. "Na farko a nan, bai kai gwiwa ba. Siriri ne, a miƙe. Wannan ruwa ne da ya shigo a hankali ya tsaya. Kawunka ya gan shi, ya kuma samu lokaci. Na tarar da dardumarsa da butarsa da jakar kayansa a saman kabad, an jera su da kyau."

Na ga Kawu a idona yana naɗe wando, yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

"Na biyun fa?"

Ya ɗaga hannu sama da kansa. "Ya wuce saman ƙofa. Shi ba layi ba ne sosai, laka ce aka watsa. Katangar baya ta faɗo ciki gaba ɗayanta, a lokaci guda. Motocin duka sun taru a kusurwa ɗaya."

Ya ce sun tarar da babbar ƙofar filin a buɗe, kwaɗon a rataye da makulli a jikinsa. Wato Kawu ya fito daga ɗaki ya buɗe ta da hannunsa. Ko fita zai yi ya hau tudu, ko kuwa so yake ya ba ruwan hanya ya wuce don kada ya taru a kan motoci, wannan bai sani ba. A nan dai ruwa na biyu ya same shi.

"Ya iya ruwa," na ce. "Duk garinmu ba wanda ya kai shi."

"Ɗan'uwa, wannan ba ruwan iyo ba ne. Ruwan da ya ɗauki mota ya ɗora a kan mota." Ya dube ni. "Abin da zan iya ce maka da gaskiya, bai daɗe ba. Yadda na ga ƙarfen ƙofar ya lanƙwashe, bai daɗe ba."

Na tambaye shi ko kuskure ne da aka mayar da motocin baya. Ya ce shi kansa da an kira shi kafin guguwar an nemi shawararsa, abin da zai ce a yi ke nan, domin kowa teku yake kallo. Ya ce wani tsoho a unguwar ya gaya masa cewa a zamanin kakanninsu ruwa ya taɓa cika kwarin haka, amma abin ya daɗe har ya zama labari, mutane suka yi gini a wurin. Ya ce ya rubuta wa kamfani cewa kada a sake ajiye komai a filin, kada kuma a sake barin mutum shi kaɗai a irin wannan rana. Ko za su bi, ko ba za su bi ba, shi dai ya rubuta.

Da za mu rabu ya ce akwai abu ɗaya kuma. Kafin ya baro garin ya sa limamin unguwar ya kai shi maƙabarta, domin ya ji an ce mamacin baƙo ne ba shi da kowa. Ya yi masa addu'a. Bai san ɗan'uwansa Bahaushe yake yi wa ba. A nan ne kukan da ban yi a ofis ba, ban yi a ɗaki ba, ya ƙwace min, a gaban mutane, a gidan shayi. Ya bar ni na yi, bai ce in yi haƙuri ba sai da na gama.

Washegari na kira Inna na gaya mata duka, layi biyun, da kayan da ke saman kabad, da ƙofar da aka samu a buɗe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ta baya ya zo masa ke nan." Na ce e. Ta ce Allah ya jiƙansa, ya sa shahada ce. Sai ta tambaye ni maƙabartar, a kwari take ko a tudu. Na ce injiniyan ya ce a gefen dutse take, sai an hau. Ta ce to, alhamdu lillahi.

Kayansa da aka aiko daga Maskat na haɗa da waɗanda ya bari a Najma, na ba wani ɗan garinmu da zai tafi hutu ya kai wa matarsa. Ba a jima ba kamfani ya kawo sabon ma'aikaci, wani mutumin Gusau, aka ba shi gadon ƙasa. Mutumin kirki ne. Da ya ji labarin mai gadon sai ya ce ko in sauko ni in karɓa, shi ya hau sama. Na ce a'a, ya zauna abinsa.

Na ƙara shekara biyu a Doha. Na nemi zuwa Maskat ba sau ɗaya ba, kullum da abin da zai hana, ko biza, ko hutu, ko sa hannun kafil. Har na tattara na dawo gida ban je ba.